Tufka Uku

Ni majemi ne, ɗan majemi.
A bayan Birni muke, inda duwatsu suka durƙusa kamar raƙuma,
inda warin jima ke riga mu gaida baƙo.
Cima ƙanwata ce. Ita aka kai lakwal,
ni aka miƙa mini wuƙa da ramin toka.

Tana ƴar shekara tara ta tsaya bakin rami,
ta ce, Baba, me bagaruwa ke faɗa wa fata
da har take fasa ruɓewa?
Baba ya ce, haka muka taras.
Ta ce, shi na farkon, wa ya taras?
Aka kore ta ɗibar ruwa.

Ta tafi Yamai, daga Yamai ta haye teku.
Shekara goma sha ɗaya wasiƙunta na zuwa.
Wai tana kiwon wata ƴar ƙwaya
da ba ta kai ɓarɓashin gishirin Balma ba.
Sau ɗari huɗu ta shuka, ba ta tsiro ba.
Ran da ta tsiro, ta harba mata haske,
hasken ya watse ɗigo-ɗigo kamar bayan zabuwa.
Daga ɗigon nan ta karanto siffa,
yadda maharbi ke duban sawu a rairayi
ya ce barewa ce, kuma tana ɗingishi.

Bara da damina ta zo gida.
Ta zauna kan kifaffen turmi, ta ari carbin Baba.
Ta ce, furotin kamar wannan yake,
sai dai duwatsunsa iri ashirin ne,
kuma ba hannu ke naɗe shi ba, shi ke naɗe kansa.
Wani dutsen na ƙin ruwa, sai ya shige ƙurya.
Wani na son ruwa, sai ya zauna ƙofa.
Naɗin shi ne aikin.
In ya warware, ya zama dafaffen ƙwai,
ba mai mayar da shi ɗanye.

Ta yanko tsinkin fata uku, ta murza a cinya.
Ta ce, na fatar akuyarku ga shi nan, tufka uku,
bagaruwa na kutsawa tsakani
tana ɗaure igiya da igiya.
Baba ya daɗe yana juya tufkar.
Ya ce, to ai abin da na faɗa miki ke nan.
Muka yi dariya har kaji suka watse.

Inna ce ba ta yi ba.
Daga bakin murhu, ba ta ko juyo ba,
ta ce, shi Ma'azu fa?

Ma'azu na tsakaninmu ne.
Amosanin jini ya ci ƙashinsa shekara bakwai,
ya bar mana takalminsa.

Cima ta ja carbin, ta tsaya kan dutse guda.
Ta ce, wannan ne, Inna.
Cikin ɗari da arba'in da shida, ɗaya aka sauya.
Mai ƙin ruwa ya zauna a ƙofa,
sai suka riƙa manne wa juna,
jinin ya lanƙwashe kamar lauje.
Rabi daga gare ki, rabi daga Baba.
Ba bakin kowa ba ne.

Wutar ta ci, tuwon ya kama.

Shekara ashirin da shida Inna ba ta gaida Ya Fanna ba,
katanga ɗaya ce tsakaninsu.
Washegari na gan ta da ƙwaryar fura,
ta tsaya a ƙofar, ta gyara lulluɓi sau biyu
kafin ta yi sallama.

An ce a can suna kiran sunan Cima a manyan zaure.
Ban je ba, ban gani ba.
Ni dai yanzu in na tsamo fata daga rami
nakan ɗaga ta a rana,
ina neman tufkar.
Ba na ganin komai sai fata.
Ina shanya ta a hankali fiye da dā.